Oba-oba Zai Iya Maye Gurbin Wayar Salula A Hanyar Galabat?

Idan ba a manta ba, a watan Fabrairun 2024, ana tsakiyar yaƙin da ya ɓarke a Sudan tun Afrilun 2023, layukan Zain da Sudani da MTN sun ɗauke. Ɗan kasuwar da ya ɗora riɗi ko dawa daga Gadarif zuwa Galabat ta garin Doka ya rasa hanyar jin labarin direbansa, manhajar Bankak ma ta tsaya cik. Ganin haka, dole mutum ya tambaya: me zai hana 'yan kasuwa su haɗa kuɗi su kafa rediyon oba-oba nasu?

Fasahar dai akwai ta. Hukumar ETSI ta Turai ta fitar da tsarin DMR a 2005, inda ake raba zango guda mai faɗin kilohaz 12.5 gida biyu, mutum biyu su yi magana lokaci ɗaya ba tare da sun shiga ta juna ba. Mataki na uku na tsarin, wanda ya zo a 2012, shi ke da na'ura mai rabon layi: ka danna, ta ba ka zangon da babu kowa, ka gama ta karɓe, tamkar ɗan kamasho a tasha yana ba motoci lodi. Motorola da Hytera duk suna ƙera irin waɗannan.

Sai dai a nan gizo ke saƙar. Oba-oban hannu 'yan kilomitoci kaɗan yake kaiwa, sai an kafa na'urar maimaita murya a kan tudu da sola da batir, da mai gadi kuma. Masu rediyon sha'awa a duniya ta intanet suke haɗa tashoshinsu, wato abin da ya ɗauke ɗin. Ƙa'idar ITU kuma ta keɓe zangonsu ga koyo da gwaji, ba ciniki ba, don haka ɗan kasuwa sai ya nemi lasisi daban daga hukumar sadarwa ta Sudan.

A ganina babban haɗarin ma ba na kuɗi ba ne. A ƙasar da ake yaƙi, a kama ka a shingen bincike da oba-oba babu takarda, bayanin farashin riɗi ba zai fishe ka ba. Ko da takardar, murya kawai da gajeren saƙo zai kai maka, ba zai tura ko fam guda ta Bankak ba.