Dokar Kāre Mata Ta Isa Tsohon Birnin Gwari

Tun da Gwamna Uba Sani ya je Birnin Gwari cikin watan Nuwamba 2024, ya karɓi tuban 'yan bindiga, aka sake buɗe kasuwar shanu, hankalin jama'a ya koma kan gona da ciniki. Amma akwai wata fitina wadda sulhun daji bai taɓa ta ba, watau dukan mata da azabtar da yara a cikin gidaje.

A da, sashe na 55 na dokar Final Kod ta Jihar Arewa, wadda ta fara aiki a 1960, ya bar wa miji ƙofar horon matarsa muddin bai yi mata mummunan rauni ba. A 2015 Gwamnatin Tarayya ta kafa dokar hana cin zarafin mutane, Jihar Kaduna kuma ta yi tata a 2018, tare da dokar kāre yara wadda ta tanadi kotun iyali. Jigon irin wannan doka shi ne umurnin kāriya. Alƙali yana da ikon hana mai dukan sake taɓa matar, ko yi mata barazana, ko kusantar inda ta ke, in kuwa ya ƙetare umurnin a kama shi.

Waɗansu suna cewa wannan baƙon abu ne mai raba aure. Amma a mazhabar Malikiyya, matar da ta tabbatar da cutarwa, alƙali yana iya raba auren ko miji bai so ba, ba tare da ta biya fansar kanta ba. Umurnin kāriya kuwa yana tsai da hannun mai duka tun aure bai mutu ba. Rigakafi ya fi magani.

Matsalar ita ce nisa. Matar da ke Tsohon Birnin Gwari, a kan hanyar Funtuwa, sai ta nemi kuɗin mota da izinin fita, sau da yawa daga hannun wanda za ta kai ƙara. In ta koma gidan iyaye, a ce ta yi haƙuri. Cibiyoyin Salama da aka fara buɗewa domin waɗanda aka ci zarafinsu suna Kaduna da Zariya da Kafanchan.

Saboda haka kamata ya yi Ma'aikatar Shari'a ta fassara dokar da Hausa, a riƙa karanta ta a rediyo. A sa alƙalin kotun iyali ya riƙa zagaya gundumomi ran kasuwa. Masarautar Birnin Gwari ta umurci dagatai da limamai su daina rufe maganar da aka zub da jini a cikinta, su miƙa ta ga hukuma. 'Yan sanda kuma su bar korar mai kuka da cewa sha'anin cikin gida ne. Wadda aka fasa wa kai a ɗakinta tana da hakkin da wanda aka tare a hanya ya ke da shi.