SHARHINMU: In An Rufe Makaranta, Wa Zai Zauna Da Yaro?



A cikin watan Rajab na shekarar 1441, wanda ya yi daidai da Maris 2020, mahukuntan ƙasar nan suka ba da umarnin a rufe makarantu kaf saboda annobar korona. Aka koro yara gida, aka garƙame ƙofofi, aka ce kada iyaye su damu, wai karatu zai ci gaba daga nesa. Sai a watan Agusta aka buɗe wa masu jarrabawar fita, sauran kuwa mafi yawansu ba su sake ganin allo da alli ba sai Oktoba, kusan wata 7 ke nan. Ba a gama farfaɗowa daga wannan ba sai ga Ƙanƙara a Disambar 2020, inda 'yan bindiga suka kwashi yara fiye da 300, sai Kagara da Jangebe a Fabrairun 2021. Duk sa'ad da aka kwashi ɗalibai amsar hukuma guda ce, a rufe makarantu. Haka aka maimaita a Nuwambar 2025 bayan abin da ya faru a Maga ta jihar Kebbi da Papiri ta jihar Neja, har gwamnatin tarayya ta rufe nata makarantun sakandare fiye da 40.

Wanda ya ga wannan jeri ya san cewa rufe makaranta ya daina zama abin mamaki a wurinmu, abu ne da mai hankali zai yi wa tanadi kamar yadda ake tanadin damina. Saboda haka ya wajaba 'yan'uwa su san mene ne wannan karatun nesa da ake ta faɗa, yaya yake tafiya, kuma a ina yake tsinkewa. Za mu taƙaita maganarmu a kan yaran ƙaramar sakandare, 'yan aji 1 zuwa aji 3, domin a kansu ɓarnar ta fi saurin ɓoyewa.

Yaron ƙaramar sakandare ɗan shekara 12 ne zuwa 15. Jiya-jiya ya baro firamare inda malami ɗaya ya san sunansa, ya san rubutunsa, ya san ranar da bai karya kumallo ba. Yau ga shi a gaban malamai barkatai, wannan ya shiga da lissafi ya fita, wancan ya shiga da Turanci, na uku ya shiga da kimiyya. Karatunsa ya riga ya wuce abin da yawancin iyaye za su iya biya masa a gida, amma hankalinsa bai kai na ɗan babbar sakandare ba, wanda tsoron jarrabawar WAEC kaɗai ya isa ya zaunar da shi. Sannan ƙarfinsa ya kawo, ya isa aike, ya isa gona, ya isa tsaron shago da garejin makanikai, in mace ce ta isa talla da raino, har wasu su fara cewa ta isa ɗaki. Wato daidai shekarun da ya fi bukatar a riƙe shi su ne shekarun da hannuwa suka fi yawa wajen jan sa waje.

To, ta wace hanya darasi ke isa ga irin wannan yaro in an rufe aji? Hanyoyin huɗu ne. Ta farko ita ce ta kai tsaye, malami ya zauna gaban kwamfuta ko waya, yara su shiga ta Zoom ko Google Meet a ƙayyadadden lokaci, yana magana suna gani, mai tambaya ya ɗaga hannu. Wannan ita ta fi kama da aji, kuma ita ta fi tsada, domin tana son babbar waya ko kwamfuta ga kowane yaro, da sabis mai ƙarfi, da wutar caji, ga data da sa'a guda ta bidiyo ke lashe ɗaruruwan megabayit. Ta biyu ita ce malami ya naɗi darasin ko ya rubuta, ya jefa a zauren WhatsApp ko Google Classroom, yaro ya buɗe sa'ad da waya ta zo hannunsa, ya yi jinga a littafi, ya ɗauki hoto ya mayar. Ta uku rediyo da talabijin, inda ake sanar da jadawali, a ce ƙarfe kaza lissafin aji 2, kamar yadda jihohi irin su Kaduna da Kano suka yi a 2020. Ta huɗu takarda, a buga darussan mako ko na wata, a kai mazaɓa, iyaye su karɓa, in sun dawo da na baya a ba su na gaba.

Kowace daga cikin waɗannan hanyoyi tana iya kai darasi ƙofar gida. Amma kai darasi kashi ɗaya ne cikin uku na aikin makaranta. Aji yana yin abu uku a lokaci guda ba tare da mun lura ba: yana kawo darasi, yana mayar da aikin yaro ga malami don ya ga inda ya kauce, kuma yana zaunar da yaro wuri ɗaya na wasu sa'o'i ko yana so ko ba ya so. Da aka rufe makaranta, abubuwan nan uku suka rabu. Mahukunta suka ɗauki na farko suka yi ta buga ganga a kansa, aka ɗauki hoton malami a ɗakin watsa shirye-shirye, aka yi jawabi, aka ware kuɗi. Sauran biyun aka bar su a hannun Allah. Malamin rediyo yana cewa, “Kun gane ko?” ya kuma ba kansa amsa ya wuce, alhali yaron da ke saurare ya ɓace tun a minti na biyar, babu hannun da zai ɗaga, babu wanda zai ga fuskarsa. Gobe darasi ya ɗoru a kan na jiya, shi kuwa lissafi gini ne, wanda ya rasa tubalin ƙasa ba ya ɗora na sama. Kafin mako biyu yaro ya kashe rediyo ya nufi filin ƙwallo, kuma babu rajistar da za ta nuna ya daina zuwa.

Kada wani ya ce wannan zancen baki ne. A watan Agustan 2020 hukumar UNICEF ta ba da sanarwar cewa aƙalla yara miliyan 463, wato kashi ɗaya cikin uku na 'yan makarantar duniya, ba su sami ko hanyar karatun nesa ba. Waɗanda suka samu fa? A jihar Sao Paulo ta ƙasar Barazil, inda hukuma ta yi tanadin darussa ta talabijin da manhajar waya, masu bincike sun bi sakamakon ɗaliban aji 6 zuwa sama, sa'annin yaran da muke magana a kai, suka tarar abin da suka koya bai wuce kashi 27.5 cikin 100 na abin da za su koya a aji ba, haɗarin barin makaranta kuma ya ninku fiye da sau huɗu. A ƙasar Holan, inda kusan kowane gida ke da intanet kuma rufewar farko mako 8 ce kacal, an tarar 'yan firamare kusan ba su ci gaba ba sam, asarar kuma ta fi tsanani a gidajen da iyaye ba su yi karatu mai zurfi ba. In haka ta faru a inda wuta ba ta ƙiftawa, ina ga ƙasar da Bankin Duniya ya ce a 2021 mutum miliyan 85 ba su da wutar lantarki? Ina ga gidan da waya ɗaya ce, tana aljihun maigida, shi kuwa ya fita tun asuba neman abin da za a ɗora?

A nan ne zaluncin ya fito fili. 'Ya'yan masu mulki da masu kuɗi, a makarantun kuɗi na Abuja da Legas, sun ci gaba da karatu da kwamfuta a gabansu, janareta na ruri, wasu ma da malamin da ake biya ya zo gida. Ɗan talaka aka ce ya kunna rediyo. Da aka buɗe makarantu aka tura kowa aji na gaba kamar ba abin da ya faru, ranar jarrabawa kuma takarda iri ɗaya aka miƙa musu. Abin da ya faru a Zamfara a Satumbar 2021 ya isa misali: an rufe makarantu, a cikin 'yan kwanakin nan kuma aka katse layukan waya a jihar baki ɗaya. Da wace intanet ɗin yaron Maradun zai yi karatu? Kuma waɗannan su ne mutanen da suka rubuta da hannunsu, a dokar ilimin bai-ɗaya ta 2004, cewa karatun shekara 9, daga firamare zuwa ƙarshen ƙaramar sakandare, kyauta ne kuma tilas ne ga kowane yaro.

Duk da haka ba mu ce karatun nesa aikin banza ba ne, domin an ga inda ya yi amfani, kuma abin lura shi ne da kayan talaka ya yi. A ƙasar Botswana, cikin rufewar 2020, an yi gwaji da gidaje kimanin 4,500. Wasu ana aika musu tambayoyin lissafi ta saƙon tes duk mako, wasu kuma bayan saƙon sai malami ya kira ta ƙaramar waya, ya yi minti 15 zuwa 20 yana bin tambayoyin da yaro, uwa ko uba na gefe. Saƙo shi kaɗai bai tsinana wani abin kirki ba. Saƙo da kira kuwa ya ɗaga iyawar yaran a fili. Me ya bambanta su? A kira akwai mai tambaya, akwai mai jin amsa, akwai ranar da yaro ya san za a neme shi. Ƙasar Saliyo kuma, wadda cutar Ebola ta rufe wa makarantu daga 2014 zuwa Afrilun 2015, ta koyi darasin rediyo a wancan lokaci, ba ta watsar da shi ba, da korona ta zo sai ta tayar da abinta ba tare da ɓata lokaci ba. Da ma an ce da tsohuwar zuma ake magani.

Saboda haka abin da muke gaya wa mahukunta gajere ne. Aikinku na farko shi ne ku tsare makarantu don kada a kai ga rufewa, domin babu na'urar da ke maye gurbin aji. In rufewa ta zama dole, kada a sallami yaro hannu rabbana. Ya tafi da littafinsa da takardun darasin makonnin da ke tafe. Kowace makaranta ta mallaki lambar wayar gidan kowane ɗalibi tun ana zaman lafiya, a raba ɗaliban ga malamai, a ba malami kuɗin kati, ya kira kowane yaro sau ɗaya a mako. Darasin rediyo ya bi littafin da ke hannun yara shafi da shafi, a yi bayani da harshen da suke ji, a maimaita da dare don wanda ya wuni a gona. Ranar da aka buɗe kuma, a fara da gwada yara a ga inda kowa ya tsaya, a kuma bi waɗanda ba su dawo ba gida-gida, musamman 'yan mata. Duk wannan bai kai kuɗin ayarin motocin gwamna ɗaya ba.

Amma sanin hali ya fi sanin kama, kuma ba za mu rungume hannu muna jiran wanda ya saba saɓa alkawari ba. Ya kai ɗan'uwa matashi mai karanta wannan sharhi, gurbin da ya rage babu kowa a ciki, na mai zama da yaro, naka ne. Babbar wayar da ke gidanku a aljihunka take. Kai ka wuce ajin nan, ka san inda lissafinsa ke da ƙaya. In an rufe makaranta, ka sa wa ƙannenka lokaci tsayayye, sa'a biyu bayan karin kumallo ta isa, a wuri ɗaya kullum, kada ya zama yau zaure gobe bakin titi. Ka nemi jadawalin rediyo ka manna a bango. In darasi ya ƙare ka ce yaro ya rufe littafi ya gaya maka abin da ya ji da bakinsa, sannan ka ba shi tambaya uku ya yi a gabanka. Wanda ya kasa kada ka dake shi, ka koma da shi baya har inda ya gane, ku taso daga can. Abin da ya fi ƙarfinka ka ɗauki hotonsa ka aika wa malaminsa. In za ka ba shi waya ka sauke darasin tukuna, ka kashe data, kada ka damƙa wa ɗan shekara 13 intanet buɗe ka fita, domin abin da zai tarar a ciki ya fi darasi yawa.

Kuma kada abin ya tsaya a gidanku. 'Yan'uwa biyar a unguwa, ɗaya ya iya lissafi, ɗaya Turanci, ɗaya kimiyya, in suka sami zaure da rediyo ɗaya da allo, sun isa su riƙe yara 20, matuƙar yanayin tsaro ko na lafiya bai hana taruwa ba. In ya hana, a raba yaran, kowa ya ɗauki huɗu yana kiransu. A tuna da marayu da 'ya'yan da babu mai boko a gidansu, su ne farkon zubewa. A tuna da ƙanne mata, a roƙi iyaye su ɗage musu talla da wanke-wanke na sa'a biyun nan, a nemi 'yan'uwa mata masu karatu su zauna da su a cikin gida. Yarinyar da ta yi wata shida babu mai tambayarta littafi, da wuya ta koma.

Muna yawan kukan cewa an bar al'ummarmu a baya, kuma gaskiya ne an bar ta. To, ga wuri guda da gyaransa ba ya jiran kasafin kuɗi ko sa hannun kwamishina. Tun yau, makaranta na buɗe, ka karɓi lambar malamin ajin ƙanenka, ka buɗe jakarsa ka ga littattafan da yake da su da waɗanda babu, ku zauna da 'yan'uwan unguwa ku san wa zai ɗauki wane darasi. Ranar da sanarwar rufewa ta fito ba ranar fara shawara ba ce, ba a fafe gora ranar tafiya.

Allah Ya tsare mana yaranmu, Ya ba mu ikon sauke haƙƙinsu da ke wuyanmu.