Gardamar Masu Karatun Labaran Jarumai: Wa Ke Da Superman Da Watchmen?

A watan Yuli na shekarar 2025 kamfanin Warner na ƙasar Amurka ya fito da sabon fim na Superman, jarumin nan mai tashi sama wanda aka fara saninsa a littattafan zane. David Corenswet shi ne mutum na huɗu da aka ɗora wa manyan finafinan jarumin tun daga 1978, kuma fim ɗin ya ture abin da na baya suka gina ya kama sabuwar hanya. Ga wanda yake leƙa sinima jefi-jefi wannan ba wani abu ba ne. Amma ga mutanen da suke sayen littattafan zanen kowane wata, waɗansunsu shekara talatin ko arba'in ba fashi, fama tsohon miki ne, domin sun daɗe suna gardama a kan wannan ɗabi'a ta kamfanoni.

Su dai waɗannan littattafai ƙanana ne, shafi ashirin da 'yan kai, ana ba da labari a cikinsu da zane da gajerun maganganu, kowane wata kuma sabo yakan fito da lambarsa ya ɗora a kan na baya. Kamfanoni biyu ne suka mamaye kasuwar, watau DC mai Superman da Batman, da Marvel mai Spider-Man. Abubuwa biyu ne kuma suke hassala masu karatu. Na ɗaya shi ne sake lale, watau kamfani ya wayi gari ya soke tarihin jarumi ya ce an koma farko. Na biyu shi ne a ɗauko labarin da mai shi ya riga ya rufe, a sa waɗansu marubuta su ƙago masa mafari.

Kamfanin DC ya fara babban sake lale ne tsakanin 1985 da 1986, da wani labari mai fitowa 12 da ake kira Crisis on Infinite Earths. A lokacin labaran kusan shekara hamsin sun taru suna karo da juna, har sai da aka ƙago duniyoyi barkatai don a sami inda za a ajiye kowane. Sai aka rushe duniyoyin aka bar guda, aka kashe Supergirl da Flash a cikin yamutsin. Masu karatu sun yi juyayi, amma Supergirl ta dawo a 2004, Flash kuma a 2008, abin da ya koya wa kowa cewa mutuwa a waɗannan littattafai aro ce.

Wanda ya fi tayar da ƙura shi ne na 2011. A ƙarshen watan Agusta na wannan shekara DC ya dakatar da dukkan jerin littattafan jarumansa, ya fito da jeri 52 sababbi, kowane daga lamba ta 1. Action Comics, inda Superman ya fara bayyana a 1938, ya riga ya kai lamba ta 904, Detective Comics na Batman kuwa lamba ta 881, duk aka mai da su farko. Hujjar kamfanin ba abar rainawa ba ce. Ciniki yana ja da baya, masu sayen suna tsufa, yaron da ya shiga kanti ya ga lamba ta 904 kuwa ba zai saya ba, don yana jin an yi nisa babu shi. Bugu da ƙari, duk ɗan kasuwar da ke wannan sana'a ya san babu abin da ke shiga kamar lamba ta 1.

To, amma tsofaffin masu karatu su ne suka biya kuɗin sabulu. Auren Superman da Lois Lane, wanda aka ɗaura a 1996, aka ce bai taɓa faruwa ba. Har jan gajeren wandon da aka san shi da shi aka tuɓe masa. Abin da ya fi ciwo shi ne batun Barbara Gordon. Wannan yarinya ita ce Batgirl, kuma a wani labari na 1988 mugun nan Joker ya harbe ta ƙafafunta suka shanye. Daga 1989 marubuta John Ostrander da Kim Yale suka mai da ita Oracle, gwanar kwamfuta wadda daga kan keken guragu take tattara bayanan da manyan jarumai suke dogara da su. Shekara ashirin da biyu tana haka, naƙasassu da yawa suna kallonta a matsayin tasu, a fagen da irinsu ba su da yawa. A 2011 aka miƙar da ita tsaye aka mai da mata tsohuwar rigarta. Waɗansu sun yi murna, suna cewa tun asali zalunci ne a naƙasa mace don a ƙawata labarin maza. Naƙasassun kuwa suka ce an ƙwace musu 'yar abin da suke da shi, kuma da wuya a ce ba su da gaskiya.

Da farko dabarar ta ci. Justice League lamba ta 1 ya wuce kwafi 200,000, DC kuma ya sha gaban Marvel a kasuwa na 'yan watanni. Amma tun watan Janairu na 2012 aka ba da sanarwar rufe jeri shida daga cikin 52 ɗin, ciniki kuma ya ci gaba da sauka. A 2016 kamfanin ya yi amai ya lashe, ya mai da Action Comics lamba ta 957, ya dawo da Superman mai aure, jan wandon ma ya dawo a lamba ta 1000 a 2018. Marvel ma ba kanwar lasa ba ne, domin a 2007 ya soke auren shekara ashirin na Spider-Man ta hanyar sa jarumin ya ƙulla yarjejeniya da wani shaiɗani, abin da masu karatu da dama ba su yafe ba.

Duk da haka gardamar sake lale gardamar ɗanɗano ce, wani ya so wani ya ƙi. Inda maganar ta zama ta hakki shi ne a kan Watchmen. Turawan Ingila biyu, marubuci Alan Moore da mai zane Dave Gibbons, su suka yi wa DC wannan labari mai fitowa 12 tsakanin 1986 da 1987. Labari ne na wata Amurka ta ƙage inda Nixon yake kan mulki har 1985, ana fargabar yaƙin nukiliya da Tarayyar Sobiyat, jaruman kuma mutane ne masu tabo da rauni. Yana da farko yana da ƙarshe, ba irin wanda ake ja har abada ba. Ya ci kyautar Hugo a 1988, kuma a 2005 mujallar Time ta sa shi cikin littattafan ƙagaggun labarai 100 mafiya kyau da aka rubuta da Ingilishi tun 1923.

Kamar yadda Moore ya sha bayyanawa, yarjejeniyarsu ta ce idan kamfanin ya daina buga littafin har shekara guda, mallakarsa za ta koma hannunsa da Gibbons. A wancan zamani wannan alkawari ne mai kyau, don littattafan zane ba su cika daɗewa a kasuwa ba. Sai Watchmen ya karɓu, aka haɗa shi littafi guda a 1987, DC kuma bai taɓa daina buga shi ba. Watau kyan aikin ne ya hana masu shi mallakarsa. Moore ya raba gari da kamfanin kafin ƙarshen shekarun 1980, daga baya ma ya hana a sa sunansa a fim ɗin Watchmen na 2009. A 2010 ya ce an yi masa tayin mai da masa mallakar in ya yarda a ƙara wa labarin gaba da baya, ya ƙi.

Ranar 1 ga Fabrairu 2012 DC ya ba da sanarwar Before Watchmen, jerin labaran da za su faɗi abin da jaruman suka yi kafin labarin asali. An ɗauko gwanaye irin su Darwyn Cooke da Brian Azzarello da J. Michael Straczynski, har da Len Wein wanda shi ne editan Watchmen na farko. Moore ya ce wannan rashin kunya ne tsagwaronsa. Gibbons ya yi musu fatan alheri a taƙaice, bai sa hannu a aikin ba.

Masu goyon bayan kamfanin suna da hujjoji masu nauyi. Sun ce kowa ya ci ladan kuturu dole ya yi masa aski, Moore da hankalinsa ya sa hannu a takarda. Sun kuma tuna cewa jaruman Watchmen an gina su ne a kan na wani tsohon kamfani, Charlton, waɗanda DC ya saya a 1983, kuma Moore ya so ya yi amfani da su kai tsaye aka hana shi. Kazalika shi kansa ya ɗebi Allan Quatermain na Rider Haggard da Kyaftin Nemo na Jules Verne ya zuba a wani littafinsa. Masu adawa suka mai da martani cewa Haggard da Verne sun daɗe da mutuwa kuma doka ta saki ayyukansu ga kowa, alhali Moore yana raye yana faɗa da bakinsa cewa bai yarda ba. Wani marubucin kamfanin, Chris Roberson, ya bar musu aiki a watan Afrilu na 2012 saboda yadda ake yi wa masu ƙago labarai. Waɗansu masu karatu sun yi kiran a ƙaurace wa littattafan, sai ga fitowar farko ta shiga sahun gaba a cinikin watan Yuni. Wannan shi ne raunin masu ƙorafin, baki yana zagi hannu yana biya, kamfani kuwa kuɗi yake ƙirgawa. An buga fitowa 37, sha'awa ta yi sanyi, babin rufewa da aka yi alkawari ma ba a buga shi ba.

Akwai masu cewa duk wannan hayaniya ba ta da tushe, domin jaruman sun zama kamar Gizo a tatsuniya, yau ya mutu gobe ya tashi, kowace kaka da irin yadda take ba da nata. Kwatancin yana da daɗin ji, amma Gizo ba shi da ubangida, babu kuma lauyan da zai aiko wa kaka takarda. Superman yana da shi. Samari biyu na birnin Cleveland, Jerry Siegel da Joe Shuster, sun sayar da shi dala 130 a 1938. Da suka kai ƙara a 1947 ba su sami mallakar ba, aka kuma cire sunayensu daga littattafan. Sai a ƙarshen 1975, bayan jaridu sun yayata talaucinsu, Shuster ma idanunsa sun kusa tafiya, Warner ya yarda ya riƙa biyan kowannensu dala 20,000 a shekara, a kuma mai da sunayen. A 2024 aka yi gwanjon kwafi guda na Action Comics lamba ta 1, wanda aka sayar santi 10 a zamaninsa, a kan dala miliyan 6. Kura da shan bugu ke nan, gardi da karɓar kuɗi. A ɓangaren Marvel ma magadan mai zane Jack Kirby sun yi ta shari'a har suka sasanta a 2014, bayan Disney ya sayi kamfanin a 2009 a kan kimanin dala biliyan 4. Jarumin da zai jawo irin wannan kuɗi a sinima ba za a bari ya tsufa ko labarinsa ya ƙare ba, kuma daga nan sake lale da ƙago mafari duka suka samo asali.

Wani abin ban dariya shi ne yadda DC ya wanke kansa a 2016. Da aka tashi bayyana wa masu karatu dalilin ɓacewar aure da shekarun da aka soke a 2011, sai labarin ya nuna cewa Doctor Manhattan ne ya taɓa tarihi, watau ɗaya daga cikin jaruman Watchmen. Aka jinginar da laifin manajoji a kan jarumin Moore, sannan a Doomsday Clock, daga 2017 zuwa 2019, aka haɗa shi fuska da fuska da Superman. Moore ya yi sallama da rubuta littattafan zane a 2019.

Da alama kamfanonin sun ɗan ji jiki a kan sake lale. A 2024 Marvel ya fito da Ultimate Spider-Man, inda jarumin yake da mata da 'ya'ya biyu, DC kuma ya fito da Absolute Batman, inda ba shi da dukiyar gado. Dukansu sun yi kasuwa ƙwarai, kuma an buɗe su ne a gefe ba tare da an soke tsohon tarihi ba. Batun mallaka kuwa doka ce za ta taɓa shi, ba ƙorafin masu karatu ba. Dokar Amurka tana kare irin waɗannan ayyuka shekara 95, saboda haka Superman na 1938 zai fita daga hannun kamfani a 2034, Batman kuma a 2035. Sai dai wanda zai fita ɗin na farkon ne kawai, mai tsallake dogayen gine-gine wanda bai riga ya iya tashi sama ba, abubuwan da aka ƙara masa daga baya da tambarin kasuwanci kuwa suna nan hannun DC. Watchmen, in ba wani abu ya sake ba, sai bayan shekara ta 2080.