Little Moreton Hall: Dalilin da ya sa bai kamata a miƙe karkataccen gidan ba

A yankin Cheshire na Ingila, kusa da garin Congleton, akwai wani gidan katako da duk wanda ya gan shi zai ɗauka gobe zai faɗi. Bangonsa ya turo ciki, daɓensa ya lanƙwashe, benen sama kamar zai zame. Amma Little Moreton Hall ya haura shekara 500 a tsaye, kuma matakin da masu kula da shi suka ɗauka na tallafe shi a yadda yake, ba tare da miƙe shi ba, shi ne daidai.

William Moreton ne ya fara ginin wajen 1504, zuriyarsa suka yi ta ƙari har zuwa wajen 1610. Da ginshiƙan icen oak aka haɗa ƙashin gidan, ana fafe wannan a zura wancan a kafe da turakun katako, sannan a cike tsakani da yaɓe. Ramin ruwa ya kewaye shi. Kafintan da ya yi manyan tagogin tsakar gidan a 1559, Richard Dale, ya sassaƙa sunansa a jikinsu, kuma har yau yana nan.

Karkacewar tana da tushe. Daga baya aka ɗora wani dogon zaure mai tsawon mita 21 a saman ɓangaren kudu, aka rufe shi da manyan falalen dutse, alhali katakon da ke ƙasa ba a shirya shi don irin wannan nauyi ba. Sannu a hankali bango ya buɗe, daɓe ya lotsa.

Abin mamaki, talauci ne ya ceci gidan. Iyalan Moreton sun goyi bayan sarki a yaƙin basasar Ingila, arzikinsu ya karye, gidan ya koma hannun manoma 'yan haya. Babu mai kuɗin rushe shi ya yi na zamani, sai ya tsira da siffarsa ta asali. A ƙarshen ƙarni na 19 aka ɗaure zauren da sandunan ƙarfe, a 1938 kuma aka miƙa gidan ga ƙungiyar National Trust.

Wasu za su ce wannan ɓarnar kuɗi ce, tunda katako yana ruɓewa, gyara kuma ba ya ƙarewa. Maganar kuɗin gaskiya ce. Sai dai miƙe ginin na nufin kwance katakon da kafintocin ƙarni na 16 suka haɗa da hannunsu, a maye da sabo. Abin da zai rage hoton gidan ne kawai. Lanƙwasar kanta shaida ce ta yadda masu gidan suka ɗora wa gini burin da ya fi ƙarfinsa.

Gidan yana rukunin farko na gine-ginen da dokar Ingila ta kare, inda sauya fasali ba tare da izini ba laifi ne. Amma doka ba ta toshe yoyon rufi. Abin da ya riƙe shi shi ne masu duba katakonsa a kai a kai, da maziyartan da kuɗinsu ke taimaka wa gyara. Ranar da wannan kulawa ta tsaya, nauyin dutsen nan zai ƙarasa aikin da ya fara tun ƙarni huɗu da suka wuce.