Kafin Ka Ba Da Bashin Taki, Tambayi Ruwa

 Muna so mu ja kunnen 'yan uwanmu masu ba manoman rani taki bashi don a biya su da masara in an girbe.

Da yawanmu buhu kawai muke ƙirgawa, ba ruwanmu da maganar ban ruwa. To, taki ba ya shiga jikin masara sai ya narke a ƙasa mai laima, saiwa ta sha. Yuriyar da aka watsa a fili, ba a rufe ba, ba a bi ta da ruwa ba, iska da zafi ke kwashe ƙarfinta. In ruwan ya yi yawa kuma, sai ya wanke ta zuwa can ƙasa inda saiwa ba ta kai.

Ga lissafi. Masanan aikin gona na Samaru, Zariya, sun ce hekta guda ta masara tana son naitrojin kilo 120. Buhun yuriya mai kilo 50 yana ɗauke da kilo 23, buhun kamfa 15-15-15 kuwa kilo 7 da rabi. Ke nan kamfa buhu 8 a farkon shuka, sannan yuriya kusan buhu 3 bayan mako 4 zuwa 6. Wanda ya kai wa manomi yuriya a makare, ganyen ƙasa ya riga ya yi ɗorawa, ya makara.

Ko an cika wannan lissafi, in masara ta sha ƙishi lokacin da take goyo tana fid da gemu, ƙwaya ba ta cika. Buhu ya tashi, a ɗora a sikeli, babu nauyi. Manomi ya faɗi, mai bashi ya bi shi.

An gama dam ɗin Bakolori a 1978, manoma suka rasa gonaki, har aka zub da jini a 1980. Ruwan nan ba a same shi da araha ba, bai kamata a yi wasa da shi ba.

Saboda haka, Alhaji, kafin ka buɗe sito, tambayi manominka: gonarka tana bakin hanyar ruwa ko can wutsiya? Kwana nawa ruwa ke yi kafin ya zagayo? In bai da amsa, je ka gani da idonka.

Allah ya ba mu kasuwa mai albarka, amin. Haza wassalam.