Gyara Muka Gada, Ba Rabon Kaya Ba

Duk sa'ad da aka shiga shirin baje kolin kayan sana'ar hannu, ko a Marwa, ko a Garwa, ko babban taron SIARC na Yawunde, shawara guda muke ji ana ba dukawanmu da masaƙanmu: ku raba kyauta, jama'a za su cika muku rumfa. Masu wannan shawara sun ga yadda kamfanoni irin su MTN da Orange kan raba huluna da riguna, mutane na turereniya. Rumfa kam za ta cika. Abin da muke shakka shi ne ko aljihun mai rumfar zai amfana.

Hular kamfani inji ne ke ɗinka ta dubu-dubu, an kuma riga an sa kuɗinta cikin lissafin talla. Jakar baduku kuwa, fatarta sai ta kwana a ruwan toka, a kankare ta, a jeme ta da bagaruwa, a rina, kafin wuƙa da basilla su taɓa ta. Masaƙin da ke zaune a ƙarƙashin dutsen Mindif, sawu-sawu yake saƙa zanensa, sannan a harhaɗa. Idan ɗayansu ya ba da kaya guda a banza, kwanakinsa ya bayar. Mafi muni ma, ya koya wa mai karɓa cewa aikin ba shi da tsada, gobe sai ya dawo da tayin wulaƙanci. Araha ba ta ado, balle banza.

Ba mu manta halin da ake ciki ba. Tun da aka sace wasu Faransawa bakwai 'yan gida ɗaya kusa da Waza a Fabrairun 2013, ƙafar masu yawon buɗe ido ta ɗauke daga wannan yanki, su ne kuwa ke sayen kaya da daraja. Wanda ya hau mota zuwa Gaundare, ya shiga jirgin ƙasa zuwa Yawunde da kayansa, ba ya son komawa da su gida. Wannan tsoro ne ke sa a karɓi kowace shawara.

Amma kasuwarmu tana da nata tsohon ilimi. Mai ƙosai takan ƙara ɗaya bayan ta ƙirga, mai awon gero yakan ƙara tafi guda, mai kilishi yakan ɓantaro ɗanɗano. Gyara ba ta zuwa sai ciniki ya faɗa, ƙarama ce kuma, ba ta taɓa uwar kuɗi, ba kowane mai wucewa ke samunta ba. Ita ke sa mai saye ya wuce rumfa goma ya nemo taka. Baduku yana da abin yin gyara a ƙarƙashin ƙafarsa: guntayen fatar da yake sharewa kullum. Daga cikinsu ake fitar da maratayin mabuɗi, da ɗan alabe, da awarwaron yara. Almajirin sana'a ma zai iya ɗinka su, ya sami abin koyon hannu.

Sharaɗi ɗaya muke nacewa a kai: kada gyara ta bar rumfa ba tare da sunan mai aikin, da garinsa, da lambar wayarsa a jikinta ba. Tarihi ya isa darasi. Ƙarni bayan ƙarni ayari yana ketare Sahara da jar fatar awakin Sakkwato da Kano, amma da ta isa Turai sai aka kira ta fatar Maroko, domin daga can 'yan kasuwarsu suka saye ta. Abin da ke faruwa ke nan yau a ƙaramin ma'auni: a saƙa a Mindif, dillali ya sayar a Duwala, mai saye bai taɓa jin sunan masaƙin ba. Ɗan guntun fata mai ɗauke da lamba yana iya tsallake dillali, musamman yanzu da ake aika hoto ta WhatsApp, a biya ta waya, a ba motar haya saƙo.

Batun tambola kuwa, wadda ake sayen tikiti don a ci jaka ko darduma, ba ma buƙatar dogon zance. Biyan kuɗi a kan sa'a caca ne a wurin malamanmu, masu sayenmu da yawa kuma za su ƙaurace wa rumfar da ta yi shi.

Saura wata kyautar da ba a cika faɗa ba, wato kayan da akan tara daga hannun masu sana'a don a miƙa wa manyan baƙi ranar buɗe taro. Karrama baƙo al'adarmu ce, ba ma jayayya. Sai dai ƙungiyoyin masu sana'a su zauna da masu shirya taro tun kafin a kafa rumfuna, a yanka wa kayan farashi, a biya, a kuma ambaci sunan wanda ya yi su lokacin miƙawa.