Ke Mai Neman Ƙiba, Tsaya Ki Ji

 Makon jiya na je Kunci duba Gwaggona. Wata uku ke nan da ta zame a bakin rijiya ta karye, amma ɗorin ya ƙi kamawa. Ashe ciwon suga ne da ita.

Masana sun gwada a kan ɓeraye. Aka yi ta ciyar da su maiƙo da zaƙi har suka yi teɓa, jikinsu ya daina jin sinadarin insulin, suga ya taru a jini. Ƙashinsu ya yi rauni, karaya ta riƙa daɗewa kafin ta haɗe.

To ke mai ɗirkar lemon kwalba da maganin ƙiba don biki, wallahi ki yi wa kanki faɗa. Ga gero, wake, zogale da nono.

Sai fitowa ta gaba. Taku har kullum.